Randunan Gawi da Rahoton Ɗakin Karatu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Hadiza, mai sunan mahaifiyata, wadda bakina ba ya iya kira sai da Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Yamai lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokan zama masu tsoronsa. Ummanki ce za ta cusa miki takardar a ƙasan jaka, tsakanin kilishi da turaren wuta, na kuma roƙe ta kada ta nuna miki sai mota ta tsallake gada. Abin da ke ciki ba zan iya faɗinsa ina kallon idonki ba.

Kin san ni ba marubuci ba ne. Aji biyu na yi a koleji kakanki ya cire ni ya zaunar a shago, har yau Faransancina da yatsa nake bin sa layi-layi. Don haka in kin ga magana ta tafi gabas ta dawo yamma, ki yi haƙuri, yadda take a kaina ke nan. Na ɗauki alƙalami da niyyar in yi miki nasiha irin ta iyaye, sai na tarar ni kaina ban san wace nasihar ce daidai ba.

Bari in fara da abin da ya hana ni sukuni. Wata uku kika yi kina zarya ɗakin karatu, bibiliyotek ɗin nan da kuke faɗa, kina tattara abin da wasu suka riga suka rubuta game da kamfanoni da masu sayen kaya. Kin ce min aikin sunansa binciken kasuwa, kuma iri biyu ne: akwai wanda mutum ke fita da ƙafarsa ya tambayi jama'a, akwai wanda yake zama ya karanta abin da masu fitar suka kawo. Naki na biyun ne. Na ce mu a unguwar Gardole na biyun nan jita-jita muke ce masa. Kika ɓata rai, na ba ki haƙuri.

Ranar da kika gama, kin shimfiɗa takardunki a tabarma gabana da Ummanki da baffanki Sani. Kika ce, "Baba, mutanen gari sun bar randa. Firigo, wato firiji, suke so, wanda ba shi da hali kuma kular roba. Gaban shagon nan da randunan Gawi suka cinye, a ba kular roba wurin. Ga sunayen kamfanonin da ke yin ta, duk na samo." Na ce, "To mu fa, Uwata? Ba daga randa kika sha ruwa yanzu ba?" Kika ce, "Baba, gidanmu ba shi ne gari ba." Wallahi maganar ta shige ni. Daɗi ya kama ni na ga 'yata tana magana da hujja, na cika baki a gaban kowa na ce daga yau abin da Uwata ta ce game da shago shi za a yi. Baffanki ya ce ya shaida.

Sai da kowa ya tashi na tuna da Am-Birahim. Kin san ta, tsohuwar nan ta ƙauyen Gawi mai gina mana randuna da tuluna. Kakanki wurin uwarta yake saro kaya tun Njamenar nan ana ce mata For-Lami, ni kuma na gaji 'yar. Duk shekara in damina ta ja baya nakan je in gaya mata yawan abin da za ta gina mana, ita da matan gidanta su haƙo laka su tara makamashi. Mafi yawan abin da take ginawa shagonmu yake zuwa. In na bi takardarki, bana zan je in ce mata ta daina. In ban bi ba, na karya maganar da na yi miki a gaban shaida. Tsakanin biyun nan nake tun ranar, shi ya sa kika ga ina ta tsakurar abinci kina tambaya ko ciwon cikina ne ya tashi.

Yanzu ki bar ni in koma baya, domin ni ma na taɓa shiga ɗakin karatu don kasuwanci, ban taɓa gaya miki ba.

Ina saurayi, sabon shiga shago, ina ganin na fi kakanki wayo saboda na iya karanta boko. Wani abokina ya kai ni ɗakin karatu, na ci karo da wani ƙaton littafi mai jan bango, cike da sunayen kamfanoni da adireshinsu da abin da kowanne ke ƙerawa. Na ga wani kamfani a Duwala ta Kamaru mai yin kwanukan tasa. Na ce shi ke nan, mun huta da dillalai, zan je tushe in saro. Na kwafe adireshin a tafin hannu da kuma a takarda, na matsa wa kakanki har ya sake ni. Kwana da kwanaki ina hanya, mota sannan jirgin ƙasa sannan mota. Da na isa, ga lambar gidan daidai, ga titin daidai, amma abin da ke ciki makanikai ne suna kwance ƙarƙashin wata tsohuwar tirela. Na nuna wa babbansu takardata. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kamfanin nan ya rufe tun shi yana koyon aiki. Da na dawo na sake ɗauko littafin, na buɗe shafin farko, ga shekarar da aka buga shi a rubuce ɓaro-ɓaro. Ban duba ba ne kawai.

Kin san abin da na gaya wa kakanki? Na ce masa sun ce kaya sun ƙare, sai wata shekara. Ya dube ni ya ci gaba da jan carbinsa. Na san ya gane.

To Uwata, kowane littafi kika ɗauka, kafin ki karanta abin da ya ce, ki tambaye shi shekarunsa. Sunayen kamfanonin kula da kika samo, ban ce matattu ba ne, amma ban ji kin ce kin kira ko ɗaya an ɗauka ba. Ki kira. In waya ta shiga mutum ya ce alo, sannan ki rubuta cewa kamfanin yana nan.

Ban daddara ba. Bayan wasu shekaru na sake komawa, na tarar da wata kanta da aka jera ƙananan littattafai masu ƙyalli, masu hotuna. Ɗaya na wani risho ne mai ƙafa uku, ga mata a hoto suna murmushi, an rubuta cewa duk matar da ta gwada shi ba ta komawa murhu. Na ce ai tunda a ɗakin karatu yake, gaskiya ne. Na sa aka kawo min. Mako bai cika ba wata mata daga unguwar Pari-Kongo ta dawo da nata a ka, ta dire shi a gabana. Ta ce, "Alhaji, wanda ya ƙera wannan ya taɓa tuƙa tuwo kuwa? Ina sa muciya tukunya ta kife, saura kaɗan ta ƙona min ƙafa." Na sake duba ɗan littafin a bayansa, ashe kamfanin rishon ne ya rubuta shi da kansa. Matan cikin hoton kuwa, da na ƙura musu ido, shayi suke dafawa. Don haka bayan shekara, ki tambayi takarda wa ya rubuta ta, kuma me zai samu in kin yarda. Ɗakin karatu yana ajiye maganar mai bincike da maganar mai talla a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba ya rantse miki a kan kowacce.

Daga nan na yi fushi da takarda baki ɗaya. Na ce ni da ɗakin karatu har abada, kunnena da idona sun ishe ni. Duk wanda na gani da jarida a kasuwa sai na tsokane shi, in ce malam ya labarin Turawa. Haka nake hura hanci har lokacin da aka hana leda a garin nan. Kina ƙarama, ba lalle ki tuna ba. Ni kuwa ban daɗe da cika ɗakin ajiya da leda ba, baƙa da fara, har rufi. Maƙwabcina a kasuwa, Malam Ila mutumin Damagaram, tun da wuri ya rabu da tasa ya koma kwanduna da jakunkunan saƙa. Na je na same shi raina a ɓace, na ce, "Ila, kana da mutum a sama ne ka ɓoye min?" Ya ce, "Wane mutum, Abdu? In rana ta yi zafi can ɗakin karatu nake zuwa shan fanka, in duba jaridu. An daɗe ana rubuta maganar nan. Na so in gaya maka, kai kuwa kullum sai ka ce min ya labarin Turawa." Ledar nan ɓeraye suka yi gado da ita.

Kin ga inda kaina yake ɗaurewa ko? Na bi takarda na faɗi, na ƙi takarda na faɗi. In na ce miki kada ki yarda da littafi, ledar nan za ta ƙaryata ni. In na ce ki yarda, makanikan Duwala za su yi min dariya. Iyayen wasu sukan ba 'ya'yansu magana ɗaya tak su riƙe, ni ga shi ina ba ki biyu masu faɗa da juna. Abin da zan iya cewa kawai, kada girman kai ya hana ki karanta abin da kowa zai iya karantawa kyauta. Wannan kam na tabbata da shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Makon da ya wuce, kwana uku a jere na ce muku zan je duba wani mara lafiya. Babu mara lafiya. Ɗakin karatunki nake zuwa. Na kwafi sunan babban rahoton da kika fi dogara da shi, wanda ya ce mutane sun bar randa, na ce sai na gan shi da idona. Ba don ban yarda da ke ba, Uwata. So nake in samu ƙarfin gwiwar da zan tunkari Gawi.

Wurin ya canza, ban gane shi ba. Ga na'urori a jere, ga matasa kowa da abin toshe kunne, ba mai ɗaga kai. Ni da babbar riga ina ta zagaya kantoci ina duba bayan littattafai ɗaya-ɗaya, kamar mai neman akuyarsa a kasuwar dabbobi. Ranar farko ban samu ba. Ranar biyu ma haka. Akwai wata mata a tebur kusa da ƙofa, ita ke kula da littattafan, Madam Nelum, kin san ta. Sau nawa ina nufarta in karkace, don kada a ce dattijo da furfura bai san yadda ake neman littafi ba. A rana ta uku ita ta taso da kanta. Ta ce, "Papa, kwana uku ina ganinka. Me kake nema?" Na miƙa mata 'yar takardata ina ta kame-kame. Ta danna na'ura, ta shiga ciki, kafin in gyara zaman hulata ga rahoton a gabana. Kwana biyu na zubar a banza saboda kunyar tambaya ɗaya. Duk ɗakin karatun da kika shiga a Yamai, ki fara gaida mai tebur, ki gaya masa abin da kike nema da dalilinki. Aikinsa ke nan, kuma ya san abin da ke cikin ɗakin fiye da na'urar.

Da na ambaci sunanki fuskarta ta washe, ta ce yarinya mai ƙoƙari. Ta ga ina fama da shafin farko da yatsa, sai ta jawo kujera. Ta ce, "Papa, irin wannan littafin daga baya ake fara shi. A can suke faɗin wa suka tambaya, a ina, da wane harshe, kuma me suka tambaya." Ta juya can ƙarshe, wurin ƙananan rubutu, inda nake zaton ko ke ba ki tsaya ba. Ga jerin unguwannin da aka bi, har da Gardole. An rubuta cewa masu gida aka tambaya. Sannan ga takardar tambayoyin kanta. Na bi da yatsa har na zo kan wata: a ina kuke ajiye ruwan sha? A ƙarƙashinta akwatuna uku, randa, kula, firigo.

Na san tambayar nan. An taɓa yi min ita.

Shekarun baya ne, da bazara, bayan la'asar. Muna zaune a benci ƙofar gida ni da Alhaji Bukar maƙwabcinmu, lokacin bai daɗe da sayen janareto ba, duk hirarsa a kai take ƙarewa. Sai ga wata mata da hular rana da jakar takardu, ta yi sallama ta ce aikin tambayoyi suke yi gida-gida. Na ce bismilla. Ta tambayi ɗakuna, ta tambayi abin girki, ina ba ta amsa. Ta zo kan ruwan sha. Kin san firigonmu. Ya mutu tun kina firamare, a ciki kike ajiye littattafanki saboda gara, Ummanki kuma ta mallake ƙasan da kayan yaji. Na buɗe baki zan ce randa, sai na ga Alhaji Bukar ya juyo yana kallona. Ni mai sayar da randa, a ce ko a gidana randa? Na ji bakina ya ce, "Firigo." Ta sa alama a akwatin.

Da ta gama ta ce ko za ta samu ruwa, rana ta dafa ta. Na tashi da kaina na shiga zaure, na kamfato daga randar Am-Birahim, na juye a kofin gilashi don kada ta ga moɗa. Ta shanye ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Almi barid, ruwa mai sanyi! Firigon nan naku yana aiki, duk da ɗauke wutar nan." Ni kuwa na ce, "Alhamdu lillahi." Kin ji, har sunan Allah na ɗora a kai. Ta juya ga Alhaji Bukar, shi ma ya ce firigo, ya ƙara da cewa biyu ne. A cikin wannan satin kuwa ya zo shago ya ɗauki randa babba, wai janareton ya ƙi tashi.

Na manta da abin nan sarai, sai ranar a gaban Madam Nelum. Na ce mata, "Madam, in mutum ya ba da amsar da ba daidai ba, ina ake zuwa a gyara?" Ta fara dariya, ta ga ba wasa nake ba, ta tsaya. Ta ce, "Papa, an riga an buga. Kuma amsar mutum ɗaya ba ta juya littafi." Na ce, "In ba shi kaɗai ba ne fa? In duk layin benci ne da maƙwabci a gefe?" Ta ce, "Shi ya sa ba a tsayawa kan littafi ɗaya. Kuma da matan gida aka tambaya, wataƙila da amsar ta bambanta. Wataƙila kuma a'a."

Ta ɗauko min wasu takardun, wai in gwada su da juna. Wata ta yi maganar ɗauke wuta, wata ta yi maganar kayan roba da ke shigowa ta gada, wata kuma wani ɗalibi ne ya rubuta kan masu ginin tukwane. Na zauna har aka kira azahar. Na fito na fi yadda na shiga ruɗewa, don kowacce in na karanta sai in ji ita ce mai gaskiya.

Ki fahimce ni da kyau, ban ce aikinki banza ne ba. Ban ma tabbata rahoton nan shi ne wanda matar ta zo yi ba, masu tambayoyi sun sha zuwa unguwar nan, kuma tambayar ruwa kowa yana iya yin ta. Mai yiwuwa ni da Alhaji Bukar kaɗai muka yi ƙarya, sauran gari suka faɗi gaskiya. Ni ma ina gani da idona, amaren yanzu kula suke fara tambaya kafin randa. Amma kuma ina gani, duk bazara in wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, masu manyan motoci suna tsayawa gaban shago su sa randa a but suna waige-waige. Wanne ne garin? Na kulan ko na but ɗin? Wallahi ban sani ba. Kin ce gidanmu ba shi ne gari ba, kin yi gaskiya. Abin da ke cin raina shi ne, gidan namu ma da ya shiga littafin, da ƙarya ya shiga. Magana ta minti ɗaya da na yi don kada maƙwabci ya raina ni, an buga ta, an ba ta lamba, an ɗora a kanta, 'yata ta zo da zuciya ɗaya ta karanta ta kawo min a matsayin ilimi. Ni kuma na tafa mata.

In kin lura, ciwona ɗaya ne tun daga Duwala har teburin Madam Nelum, kunyar a ce ban sani ba ko ba ni da shi. Ina jin masu irin ciwon nan suna da yawa, kuma su ma ana tambayarsu a rubuta. Don haka duk adadin da kika gani a littafi, ki tuna wani ne ya tsaya a ƙofar wani ya yi tambaya, kuma akwai wanda ke zaune a gefe yana saurare.

Shekaranjiya na hau kilando, babur ɗin haya, na tafi Gawi. Na tafi da niyyar in gama maganar, in cika alkawarin da na yi miki. Na samu Am-Birahim a inuwar bango tana gyara wata tsohuwar tukunya, idonta ya fara rauni, da hannu take ganin aikin. Ta ce, "Hajj Abdu, afe, lafiya? Ka yi jinkiri bana. Nawa za a gina?" Kafin in amsa ta sa aka kawo min ruwa. Na sha. Na ce mata bana ba ni ke da magana ba, 'yata ce. Ta ce, "Wacce? Mai karatun nan? Wadda na gina wa ɗan tulu tana ƙarama, ta ƙi yarda kowa ya sha a ciki?" Na ce ita. Ta yi dariya ta ce, "Madalla, mai ilimi ba za ta yi kuskure ba. Amma ka gaya mata ta hanzarta. Ruwa yana janyewa, in mako biyu ya wuce ba mu haƙa ba, lakar za ta bushe." Na ce to. Har na hau babur ban iya ce mata akwai yiwuwar amsar ta zama babu ba. Kin ga ko a nan ma ban warke ba.

To ga inda muke, Uwata. Maganar da na yi gaban baffanki ba zan janye ta ba, shagon a hannunki yake. Ba kuma ina rubuto miki don ki ji tausayin tsohuwa ki canza ba, in kasuwa ta juya ta juya, tausayi ba ya sa a sayi randa. Roƙona ɗaya ne. Madam Nelum ta ce rahoton yana cikin na'ura, ko a Yamai za ki iya buɗe shi. Ki sake karanta shi, wannan karon daga baya. Ki nemi na biyu da na uku ki gwada. Ki kira Ummanki, ba ni ba, ki sa ta tambayi matan layinmu inda suke ajiye ruwa, ita ba za su yi mata ƙarya ba don tana shiga har ɗakunansu. Sannan ki yanke, ki kira ni kafin mako biyun nan su cika. In kin ce a gina, zan je in faɗa. In kin ce a rage, zan faɗa. In kin ce a daina, ni zan je Gawi da ƙafata in gaya mata da bakina, kuma na yi wa Allah alkawari ba zan ce mata wai kaya ne suka yi yawa a shago ba. Zan faɗa mata yadda abin yake.

Na san na ɗora miki kaya a makonki na farko a baƙon gari, ki yafe min. Ki yafe min kuma wata ukun da kika yi kina gini a kan abin da wataƙila ni na gurɓata. Na daɗe ban ji kunya irin wadda nake ji yanzu da nake rubuta wannan ba, amma gara ki ji daga gare ni.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada karatu ya sa ki dawo mana kamar sanda. Ki gaida Malam Ila in kin bi ta Damagaram, tunda ya koma gida, ki ce masa har yanzu ina tambayar labarin Turawa. Kuma in wata rana karatun nan ya kai ki ga ɗaya nau'in binciken, kika tsaya a ƙofar wani da jakar takardu, wani dattijo ya gyara zama ya ce miki firigo, kada ki ƙaryata shi a gaban maƙwabcinsa. Ki rubuta abin da ya ce. Sannan ki roƙe shi ruwa, ki ce a moɗa kike so.

Na bar ki a hannun Allah wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya buɗa miki abin da ya rufe min, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya shayar da ke ruwa mai sanyi duk inda kika sauka, ya kuma ba ki idon ganin inda aka ɗebo shi. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Abdu, daga Gardole, Njamena.